Haƙorin da ke Kafaɗar Jatau

A Dajin Tsaunin Gwauro kowa ya san matsayinsa. Zaki na mulki, Waziri Dila na fassara abin da Zaki yake nufi, sauran dabbobi kuma suna godiya. Majalisa kan zauna a gindin wata tsohuwar kuka, kuma ba ta taɓa tashi ba tare da matsaya ba, domin da matsayar ake zuwa tun daga fada.

A zamanin mahaifin wannan Zakin aka yi yaƙin kyarketai. Sun shigo garke-garke suna kwasar 'yan maruƙa, sai ɓakane da gwankaye suka tare su a mashigin rafi, kafaɗa da kafaɗa, har aka kore su. Tsohon sarki bai da abin ba mayaƙa, sai ya kafa al'ada: duk wanda kyarkeci ya ciza har haƙori ya karye a namansa, a ciro haƙorin, Beguwa ta huda shi, a zura igiyar rama a rataya masa a wuya. Lambar yabon ke nan. Ba ta taɓa cika wa kowa ciki ba, amma mai ita in ya doso rafi akan matsa masa ya sha.

Jatau, wani tsohon ɓauna, yana da guda a wuya, yana da wani a kafaɗar hagu. Na kafaɗar ya nutse cikin ƙashi, Beguwa ta yi ta yi ya ƙi fita, nama ya warke ya bar ɗan tsininsa fari a waje. Na kyarkecin da ya kashe ƙanensa ne. Jatau ya shiga tsakani a ranar, amma ya makara. Idan sanyi ya sauko wurin kan yi masa zogi, shi kuwa bai taɓa jin haushin zogin ba, don da shi yake tuna ƙanen.

Ana nan sai Zaki na yanzu ya yi sulhu da kyarketai, har ya ɗauke su gadin fada. Ba su daɗe ba suka kai ƙorafi cewa ganin haƙoran iyayensu a wuyan masu cin ciyawa yana sosa musu rai. Aka kira majalisa, Dila ya miƙe ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin sarki. Babu wanda ya kai mu girmama tsofaffin mayaƙa. Saboda girmansu ne ma muke so mu sauke musu wannan nauyi. Haƙori baya yake tunawa, mu kuwa gaba muka dosa. Daga yau kada a ƙara ganin haƙorin kyarkeci a jikin kowace dabba."

Kura ce ta fara jinjina. Ita ce ta yi yaƙin kaf a cikin rami tana jinyar ciwon ciki. Biri ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya yana tsinke igiya, suna sunkuya masa. Da ya iso kan Jatau, tsohon ya nemi izinin magana.

"Ranka ya daɗe, mahaifinka ne ya rataya min wannan. Ba mu roƙi makiyaya ba, ba mu roƙi sarauta ba. Abin da ya rage mana ke nan da zai nuna wa jikokinmu an taɓa yin wani abu a mashigin rafi. In an cire, me za mu ce musu ya gurgunta mu?"

Zaki ya yi hamma. Dila ya fassara hammar: sarki ya ji, sarki ya tausaya, doka tana nan. Jatau ya sunkuya, Biri ya tsinke. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji har ya manta ta wane gefe zai juya, ya juya ta hagu, daidai gaban shugaban kyarketai. Shugaban kuwa ya hangi farin tsinin da ke kafaɗar ya yi wa Dila raɗa.

Aka tambayi Jatau, ya ba da labarin ƙanensa tiryan-tiryan, a zatonsa labarin zai sanyaya zukata. Kunkuru ya yi ta maza ya ce wannan ai rauni ne, ba ado ba. Dila ya tunatar da shi cikin ladabi cewa doka ba ta ware rauni ba, kuma tunda Beguwa ta gaza, kyarketai masu haƙorin sun fi kowa sanin yadda za su karɓi kayansu.

Ƙahon Jatau na nan da kaifinsa, kuma ya san zai iya kayar da kyarketai biyu ko uku kafin ya faɗi. Ya waiga wajen waɗanda suka tsaya tare da shi a mashigi. Kowa ya ƙura wa ƙasa ido, wuyansa fayau. Ba kyarketan ne suka karya masa zuciya ba, wannan shirun ne. Ya durƙusa ya kwanta a gefen dama.

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji kyarkecin farko da ya matso. "Aiki aka sa mu."

Suka yi ta tono har rana ta karkata. Haƙori bai fita ba, numfashin Jatau ne ya fita. Dila ya sanar cewa tsohon ya rasu yana hidimar zaman lafiya, majalisa ta miƙe ta yi masa shiru na girmamawa.

Da ungulaye suka gama nasu aikin, allon kafaɗar ya rage fari fat a gindin kuka. Tsohon haƙorin na nan kafe a ƙashi, ga kuma wani sabo da ya karye kusa da shi. 'Yan maruƙa suka fara zuwa kallo, suna komawa suna yi wa iyayensu tambayoyi. Majalisa ta duba lamarin da idon basira, ta mayar da zamanta gindin tsamiya, ta kuma haramta bin hanyar kuka.

A daminar nan aka fara rasa 'yan maruƙa a mashigin rafi. Ba wanda ya tare.