Ranar da Inna ta yi miya da sitiroberina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kira wani dillalin kayan lambu daga Sakkwato ya zo Gummi ya ɗanɗana sitiroberina.

Wannan 'yar jar itaciya a Jos aka san ta, don sanyi take so. Ni kuwa na kafe sai ta yi a fadamarmu. Na kawo iri biyu, ɗaya mai zaƙi, ɗaya mai jure rana, ina haɗa furensu da gashin kaza shekara da shekaru (mutanen gari har sun fara yi wa Inna jaje). Daga ƙarshe Allah ya ba ni iri guda da ya yi 'ya'ya jajur cikin zafinmu.

Ranar da dillalin zai zo, da safe na tsinko waɗanda suka nuna, na zuba a kwano, na ajiye gindin randa. Na ce wa Inna, "Wannan na baƙi ne." Ban ƙara kalma ba.

Alhaji Bello dillali ya iso da rana. Na zaunar da shi a zaure, na yi ta cika baki, har da cewa Jos ta shiga uku. Sannan na shiga ɗauko kwano. Wayam.

"Inna, ina abin da na aje nan?"

"Wanga tumatur naka mai ƙuraje? Na niƙe shi cikin miya. Ba kai ka ce na baƙi ne ba?"

Kafin in dawo hayyacina an kai tuwo zaure. Na tarar da Alhaji ya kai loma, ya tsaya cak, yana kallon miyar. Gumi ya jiƙe min hula. Na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa.

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce, "Malam, abin da ƙamshinai ya gagari daddawa, ai ba wasa ba ne. Mu tafi gonar."

Muka hau babur. Ya tsinki 'yan ragowar da suka fara ja, ya tauna, sannan ya ce duk abin da gonar ta haifa nasa ne. Yanzu har manoman Bukkuyum na zuwa karɓar dashe a wurina.

Tun ranar na gane cewa kafin ka yi wa duniya bayanin sana'arka, fara yi wa mai tukunyar gidanku.