Yadda Za Ka Kuɓuce wa Surukai a Ranar Hutun Ayari

Ɗan'uwa, in ka yi kwanaki kana jan mota a ayarin surukanka daga birnin Khon Kaen zuwa duwatsun lardin Nan, bayanka ya sage, ƙarar oba-oba ta cika maka kunne, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin hutu cikakke. A kan maƙwabcina Kittipong aka gwada su, ina motar baya ina kallo.

1. Gaskata shugaban ayari

In ya ce, "Gobe kowa gashin kansa zai ci," ka yarda. Pho Boonrawd, surukin Kittipong, da bakinsa ya faɗi haka, kuma tsohon soja ba ya ƙarya. Mantuwa kawai yake yi.

2. Kada ka faɗi abin da kake so

Kittipong ba ya son komai sai tabarma a bakin kogi, gasasshen kifi, da barci. To amma surukin da tuntuni ake masa kallon malalaci ba ya furta kalmar barci. Nemo abin da ba wanda zai yi sha'awa.

Da safe ana shan kunun shinkafa ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai wani gidan ibada can kan dutse, zan je in natsu. Hanyar ba kyau, kada kowa ya wahala."

Mae Lamduan, surukarsa, ta ajiye cokali. "Au! Lada za ka je kwasa kai kaɗai? Mu me muka yi maka? Jama'a, a ta da motoci!"

3. Shige gaba kamar ka san hanya

Ba shakka babu gidan ibadar, kai ka gina shi da bakinka. Kada wannan ya dame ka. Duk inda ka ga hawa, hau. In oba-oba ta yi ƙara, aka ce, "Mota ta ɗaya, wannan gonar masarar ba mun wuce ta ɗazu ba?" ka ce ƙanwarta ce.

Matarka za ta dube ka ta gefen ido. Jintana, matar Kittipong, mai kiransa Phi, wato yaya, cewa ta yi, "Phi, in ƙarya ka yi wa babana, faɗa min yanzu in san inda zan sauka." Ka yi murmushi irin na masu natsuwa, ka ƙara wuta.

4. In ka ji ganga, bi ta

Kwalta ta ƙare a wani ƙauye, daidai ƙofar gidan biki. Mutanen amarya sun gaji da jiran ayarin ango, sai ga motoci jere da lambobi a gilashi. Guɗa ta tashi. Wata tsohuwa ta leƙa mota ta ɗaya, ta ƙare wa Kittipong kallo, ta ce, "Wannan ne? Ai a hoto ya fi gashi."

Jintana ta ce wa tsohuwar, "Ku ɗauke shi, Inna. Ban ce a dawo min da shi ba."

Kafin a gane kuskure an zaunar da kowa, an jera shinkafa mai danƙo da kaji. Wanda ya riga ya wanke hannu ba a korarsa.

5. Yi waƙa

Motar ango na gaskiya ta maƙale a taɓo, amarya ta fara hawaye, sai aka miƙa wa Kittipong abin magana ya riƙe taro. Muryarsa kamar ana jan tebur, amma ya riƙe. Pho Boonrawd ya kwashi maza da igiya suka je suka jawo ango. Mae Lamduan ta yi rawa har takalminta ɗaya ya ɓata.

6. Karɓi sakamakonka

A hanyar dawowa tsohon ya dafa kafaɗar Kittipong. "Shekara da shekaru ina jan ayari, ban taɓa shirya rana irin wannan ba. Ashe ɓoye mana ka yi!" Ya ciro oba-obarsa ya rataya masa a wuya. "Daga yau kai ne shugaba. Asuba za mu tashi, kai za ka ta da kowa."

A kula: Mai wannan shawara ba ruwansa da ciwon baya, fushin mata, ko muƙamin da ya faɗo wa mutum. Mai ƙorafi ya kai wa shugaban ayari. Za ka same shi a mota ta ɗaya, idonsa jawur.