Ranar da Na Toshe Ɗakina da Katifu

A Gomari, duk lokacin da na fara ɗaukar sautin tallan 'yan kasuwa a ɗakina, sai jirgin yaƙi ya tashi ya ɓata min aiki. Da abin ya ishe ni, na kwashe katifun gidan kaf na jingina a bango, na toshe taga da barguna, na sayo hedifon mai rufe kunne ruf. Na ce wa matata Falmata ko wa ya zo kar a dame ni.

Awa biyu ina zuba wa sabulun wanki kirari, ina jin kaina injiniya. Da na fito, gida wayam, shinkafa ta ƙone, layinmu babu kowa. Ashe harbi aka yi a bayan unguwa. Falmata ta bugi ƙofata har hannunta ya kumbura, kafin maƙwabta su ja ta su gudu.

Ta dawo da yamma tana kuka, ni kuwa abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Kin san ko harbi ɗaya bai shiga sautin ba?"

Shekara nawa yanzu, amma ko limamin unguwa ne ya yi min sallama, sai Falmata ta amsa daga ciki, "Malam, sai dai ka zo da igwa, bindiga ba ta isar masa."