Janar Ya Yi Kyautar Sarauniya

Duk ma'aikatar babu gwanin ces kamar mataimakin manaja. Ba sai an nemo shaida ba, shi da bakinsa ya faɗa. Ces dai ita ce darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da kurata, wadda ke ƙarewa idan an rutsa sarkin wani. Janar ake ce masa, yana kuwa amsawa har da gyaran murya.

Wata shida bawan Allah ya yi yana atisaye da wani littafi mai matsaloli ɗari biyar, kowacce a kama sarki cikin taku uku. Uwargida ke jera masa 'ya'yan a teburin cin abinci. Sai ya dafe goshi, ya ce a miƙo littafin yana zargin kuskuren bugu, ya ɗan leƙa shafin baya inda amsoshi suke, nan take basira ta sauko. Abu ɗaya ya riƙe: mafi daɗin amsoshin da ba da sarauniya suke farawa.

"Tsaron gida aikin ƙananan 'yan wasa ne," in ji shi a kantin ma'aikata. "Mu manya sarki muke nema."

Aka sa gasa, wanda ya ci shi ne shugaban kulob ɗin ces na ma'aikatar. Tun kafin ranar Janar ya sa an rubuta muƙamin a ƙofar ofishinsa, ya gayyato uwargida ɗaukar hoto. Ƙuri'a ta haɗa shi da tsohon direba, mutumin da ko koriyar fitila ta ba shi hannu sai ya duba hagu da dama.

A taku na tara Janar ya miƙe tsaye, ya dangwara sarauniya gaban sarkin direba, ya kalli kyamara. Direba ya cire tabarau ya goge, ya cinye sarauniyar, ya ce ya gode. Janar ya ƙara da doki. Direba ya sake godiya. Taku uku suka wuce, sarkin direba na zaune lafiya lau. Can wani ɗan kurtun direba ya lallaɓa ya rutsa sarkin Janar, wanda ko mai gadi ba a bar masa ba.

Janar ya dafe goshi. Ni da nake cikin 'yan kallo har tausayi ya ba ni. Uwargida ta sunkuyo, ta rage murya yadda kowa zai ji:

"Baban yara, juya allon mana. Ƙila amsar tana baya."