Katin Bikin da Na Kora da Jan Biro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je shagon Hajiya Rabi neman ba'asi ba, na dawo ina neman ramin da zan shige.

A lokacin shekarata biyu a ƙasar waje, a wani bene a unguwar University Heights, ina aikin jinya a asibiti. Duk ranar da na buɗe akwatin wasiƙuna sai takardun talla su zubo min a ƙafa: masu sayar da abincin fiza, masu inshorar mota (ni da ko keke ba ni da shi), har da masu sayar da filin kabari. Na cike fom a intanet a cire sunana, abin ya ɗan lafa, amma bai tsaya ba. Sai wata abokiyar aikina ta ce duk ambulan ɗin da ban buɗe ba, in rubuta a kai ba na so, gidan waya zai mayar wa mai shi. Shi ke nan na sayi jan biro na kafa yaƙi. Ko sunan mai aikowa ba na dubawa. Da na ga ambulan yana ƙyalli, hukuncinsa ya yanku.

Hajiya Rabi 'yar Maraɗi ce, tana sayar da atamfa da turare kusa da Fordham Road. Ita ta riƙe ni kamar ɗiya tun zuwana garin. Sai na ji mata suna zancen bikin autarta Zulai, kowa na nuna katinsa, ni shiru. Sati biyu ina kumbura. Na daina kiranta, na fara gaishe ta sama-sama (ina jiran ta lura, kamar yarinyar da aka hana alewa).

Ranar Asabar na kasa haƙuri. Na tarar da shagon cike da mata ana zaɓen anko, na tsaya a tsakiya da muryar wadda aka zalunta.

"Hajiya, me na yi miki? Kowa ya samu kati ban da ni."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗiyata, ni ma abin da nake son tambayarki ke nan. Mi na yi miki?"

Ta buɗe jaka ta zaro wani ambulan ruwan zinariya. A jikinsa ga rubutuna ɓaro-ɓaro da jan biro, da Turanci: BA NA SO, KU DAINA DAMUNA. Har layi biyu na ja a ƙasa.

Wata 'yar Kumasi ta karɓa ta karanta da ƙarfi, ta fassara wa waɗanda ba su ji ba. Nan take dariya ta ɓarke a shagon. Ni dai na durƙusa tsakanin ƙunshin atamfa ina "Hajiya ki yafe ni, na zaci masu talla ne."

"To ai talla ce," in ji ta. "Tallar shinkafa da nama kyauta. Tashi ki zaɓi ankonki."

Na je bikin, na yi rawa har ƙafata ta yi ciwo, kuma har yau matan suna kirana Ba-Na-So. Akwatin wasiƙuna yanzu fes yake, alhamdulillahi. Abin da na koya shi ne, kafin ka kori baƙo daga ƙofa, ka ɗan leƙa ka ga fuskarsa tukuna.