Raguna da Alhazai a Tebur Ɗaya

"Ni databes idan ta ji takuna, durƙusawa take yi!"

Haka Kamaldeen yake faɗa wa kowa a Zongo game da databes, wato rumbun bayanan kwamfuta, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Kwas ɗin wata uku ya yi a unguwar Adum, amma ka ji bakinsa sai ka rantse shi ya haifi kwamfuta.

Ana saura wata guda Babbar Sallah, Alhaji Seini, dillalin raguna a unguwar Sofoline, ya ba shi aikin manhajar da mutane za su zaɓi rago daga waya. Barkisu, abokiyar aikinsa, ta leƙa abin da gogan naka yake rubutawa, ta dafe kai.

"Chale, abokina, mene ne wannan? Ka zuba sunayen masu saye da na raguna a tebur ɗaya cikin databes! Raba su. Tambayoyin da manhaja ke yi wa databes kuma tara su wuri guda, ka bar liƙa su a kowane maɓalli."

"Barkisu, mutum mai rai ne, rago mai rai ne. Ina bambancin? Ke dai zuba ido ki koya."

To, ta zuba.

Ranar farko wani Alhaji ya buɗe shafinsa a manhajar, ya ga an rubuta: ƙaho biyu, wutsiya gajera. Kamaldeen, Shugaban Gwanaye, ya gyara tambayar a wuri ɗaya, ya manta cewa ya kwafe ta a wuri talatin. Ya toshe nan, can ta ɓalle.

Jajibirin Sallah saƙo ya shiga wayar mutum tamanin: "Albishir! An duba haƙoranka, ka isa. Gobe bayan Idi za a yanka ka."

Kafin azahar Sofoline ta cika maƙil. Alhaji Seini ya damƙo wuyan rigar Kamaldeen.

"Shekara ashirin ina gina sunana! Nuna musu abin da ka yi!"

"Massa, maigida, ƙaramar matsala ce. Bari in gwada da sunana ku gani."

Ya buga sunansa. Barkisu ta karanta da ƙarfi: "Kamaldeen. An sayar wa Hajiya Safiatu."

Hajiya Safiatu, mai abinci a unguwar Bantama, ta ratso taron riƙe da igiya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Alhaji, canza mini. Rago na saya, ba raggo ba."