Ranar da na kori 'yan ta'aziyya

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, sashen nazarin walwalar jama'a, aka tura ni sanin makamar aiki a wata masana'antar fata a Challawa. Na isa da littafin Bature a hammata, ina jin ko aljani aka kawo mini zan lallashe shi.

A sati na biyu, Malam Sabo mai gadi ya dawo aiki bayan sadakar bakwai ɗin mahaifiyarsa. Ma'aikata suka shimfiɗa tabarma, suka kewaye shi ana addu'a. Ni kuwa littafina ya ce mai baƙin ciki sirri yake buƙata. Na tafa hannu na ce, "Jama'a, a ɗan ba mu wuri." Har limamin masana'antar sai da na tasa.

Na kai dattijon ofis, na rufe ƙofa, na tura masa kwalin tishu, na zuba masa ido yadda littafin ya umarta.

"Malam, yaya kuke ji a ranku?"

"Alhamdulillahi."

Na rubuta cewa bai yarda ta rasu ba tukuna. Na sake tambaya, ya sake gode wa Allah. A karo na huɗu ya dube ni cike da tausayi.

"Yaro, a garinku ba a cewa Allah ya jiƙan mamaci ne?"

Sai a lokacin na tuna ban yi masa gaisuwa ba. Ni, haifaffen Ɗorayi!

Har yau in na gifta ta ƙofar masana'antar a babur, sai wani ya ƙwalo mini kira: "Yaya-Kuke-Ji! Mu watse ne?"